Lasisin Manhaja: Hayar Da Kan Tsayar Da Kasuwanci Idan Ta Ƙare

MAIDUGURI: Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, ta mamaye sassa da dama na birnin Maiduguri, ciki har da Kasuwar Monday. Asarar kaya da gine-gine kowa ya gan ta. Sai dai akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba, wato ta babbar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda masana ke kira uwar garke, mai riƙe da lissafin ciniki da albashi da basussukan kamfani.

Sayen sabuwar na'ura kaɗai ba ya maido da aiki. Manhajar da ke tafiyar da ita tamkar shagon haya ce, lasisi kuwa shi ne takardar hayar, kuma sau da yawa yana ɗaure da tsohuwar na'urar da ta lalace. Wanda ya rasa lambobin lasisinsa yakan koma ga manhajar gwaji. Ta Windows Server kwana 180 take aiki, daga nan sai na'urar ta riƙa kashe kanta bayan kowace sa'a guda.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga sharrin wa'adi ba. A ranar 6 ga Disamba, 2018, wata takardar shaida da ke cikin manhajar Ericsson ta ƙare, al'amarin da ya katse sadarwar miliyoyin masu hulɗa da kamfanin O2 a Birtaniya da SoftBank a Japan.

A Nijeriya, canjin kuɗi ya ƙara wa matsalar nauyi, domin galibin lasisin da dala ake biyansa. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yunin 2023, ana canza dala a hukumance kan kimanin naira 460, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ke nan kuɗin haya ya ninka sau uku ba tare da mai manhajar ya ƙara ko sisi ba. Bugu da ƙari, a Disamban 2023 kamfanin Broadcom ya daina sayar da lasisin dindindin na VMware, ya mayar da shi na biyan lokaci-lokaci. Bankin Sterling kuwa, a shekarar 2024, ya bar manhajar ƙetare ya koma ga SeaBaaS, wadda aka ƙera a cikin gida.

Tsada kan ja ƙaramin ɗan kasuwa ga manhajar sata, amma araha ba ta ado. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba manhaja kariya, sannan mai kwafen sata ba ya da wanda zai kai wa kuka ranar da na'ura ta tsaya.

Hanyar farfaɗowa tana farawa ne tun kafin masifa ta auku. Wajibi ne kamfani ya rubuta kowane lasisi da lambarsa da ranar ƙarewarsa, ya ajiye kwafe tare da bayanan ciniki a wani gari, kamar Kano ko Abuja. A sayi lasisi da sunan kamfani, domin idan da sunan injiniya aka saya, ranar da ya bar aiki zai tafi da shi. Idan na'ura ta lalace, a gabatar wa dillali rasit, a nemi ya mayar da lasisin kan sabuwar. Inda aiki bai buƙaci manhajar kuɗi ba, Linux kyauta ce, ko da yake tana buƙatar ƙwararren ma'aikaci.

Ɗan kasuwar Borno ya san darajar takardar fili da ta shago. Lokaci ya yi da zai sanya takardar lasisi cikin akwati guda da su, kuma ya ware mata kasonta a kasafin kuɗin kowace shekara.