Tashar Tushe da Gyaran Awon Tauraron Ɗan'adam

Na'urar GPS tana gane inda take ne ta hanyar auna lokacin da saƙo ke ɗauka kafin ya iso gare ta daga taurarin ɗan'adam, aƙalla guda 4, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Sai dai saƙon ba ya isowa lafiya lau. Sassan iskar sama suna jinkirta shi, agogon tauraron ma yakan ɗan kauce. Shi ya sa wayar hannu kan yi kuskuren mita 5 ko fiye. Ga matafiyi wannan ba komai ba ne, amma ga mai safiyo da ke shata iyakar gonaki, mita 5 ta isa ta kai maƙwabta gaban alƙali.

Maganin wannan shi ne tashar tushe, wato na'urar da ake girkewa a wurin da aka riga aka san matsayinsa daidai. Tun da ba ta motsi, duk bambancin da ta gani tsakanin matsayinta na haƙiƙa da abin da taurarin suka nuna, kuskure ne. Sai ta aika da gyaran ta rediyo ko intanet zuwa ga na'urar da mai awo ke yawo da ita. Da yake saƙon da na'urorin biyu ke karɓa ya ratso kusan iska ɗaya, kuskurensu ma kusan ɗaya ne, don haka awon yakan dawo daidai har zuwa santimita 1 ko 2. Wannan yana tabbata ne idan tazararsu ba ta wuce kilomita 10 zuwa 20 ba.

Zaɓen wuri shi ne babban aiki. Ana buƙatar sarari, nesa da dogayen bishiyoyi da rufin kwano, domin kwano yana mayar da saƙo kamar yadda madubi ke mayar da haske, ya ruɗar da na'urar. Akan ɗaure eriyar a kan ginshiƙin siminti mai zurfin tushe, a tanadi batir da farantin hasken rana, sannan a bar ta tana tattara bayanai na awa 24 ko fiye kafin a tsayar da matsayinta. Abin lura a nan shi ne, idan aka yi kuskure wajen tsayar da wannan matsayi, duk awon da aka ɗora a kansa zai gaji kuskuren.

A Nijeriya, Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa jerin irin waɗannan tashoshi na dindindin a 2008, kuma an girke ɗaya daga cikinsu a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.