Yadda Ake Haɗa Ayari Mai Daidaito a Wasan Kwamfuta: Misali Daga Final Fantasy

Gabatarwa

Daga cikin wasannin kwamfuta akwai wani nau'i da mai wasa yake shiga rigar jaruman wata ƙagaggiyar duniya mai cike da dodanni da sarakuna da tsafi. Sau da yawa ba jarumi ɗaya ake ba mutum ba, ayari guda ake danƙa masa, kuma shi zai zaɓi sana'ar kowane ɗan ayari. Wannan rubutu zai yi bayanin yadda ake haɗa irin wannan ayari, tare da misali daga Final Fantasy na farko, wanda kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1987, ya kuma isa Amurka a 1990. Duk alƙaluman da za a kawo na wannan fitowa ta asali ne, domin an sauya wasu ƙa'idoji a fitowar baya.

Asalin Rabon Sana'o'i

Wannan tsari ya samo tushe ne daga Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa a Amurka a 1974. Sana'o'i uku ne a cikinsa da farko: mayaƙi, matsafi da malamin addini mai warkarwa. A 1975 aka ƙara ɓarawo. Hikimar abin ita ce, an ba kowa baiwa an kuma haɗa masa da rauni, don kada wani ya wadatu da kansa.

Sana'o'i Shida, Gurbi Huɗu

Da fara Final Fantasy za a nemi mai wasa ya cike gurbi huɗu daga sana'o'i shida. Ga su da sunayen da muka ba su da Hausa. Mun zaɓi kalmar "boka" ga masu sihiri saboda a Hausa tana ɗauke da ma'anar magani da kuma ta cutarwa.

1. Mayaƙi: yana sanya sulke mai nauyi, yana jure duka, amma kayansa na da tsada.
2. Ɗan Dambe: idan ya ƙware, hannunsa ya fi makami, saboda haka ba ya cin kuɗi.
3. Ɓarawo: yana da zafin nama amma ba ƙarfi. Abin mamaki, a wannan wasa ba ya sata.
4. Farin Boka: warkarwa da kariya ne aikinsa, yana kuma ƙona gawawwaki masu tafiya.
5. Baƙin Boka: yana jifa da wuta, ƙanƙara da tsawa, amma duka kaɗan ke kayar da shi.
6. Jan Boka: yana taɓa takobi da sihiri iri biyu, amma ba ya kaiwa ƙololuwa a ko ɗaya.

Tun da an yarda a maimaita sana'a, ana iya haɗa ayari iri 126. Sai dai da zarar an zaɓa, shi ke nan, ba a sauyawa har ƙarshen wasa. Wanda ya gano kuskurensa bayan ya yi nisa, ko dai ya daure ko ya koma farko. Tun ran gini tun ran zane.

Tambayoyi Huɗu Kafin Zaɓi

Tambaya ta farko: wa zai sha duka? A wannan wasa kusan rabin harin abokan gaba a kan na gurbin farko yake sauka, rubu'i a kan na biyu, sauran biyun su raba ragowar. Ke nan tsarin jeri ma wani ɓangare ne na daidaito. Mayaƙi a gaba, bokaye a baya. Wanda ya sa Baƙin Boka a gaba ya tura shi ga halaka.

Ta biyu: wa zai warkar? Ba a ajiye wasa a cikin kogo, kuma babu maganin tayar da matacce a kasuwa. Idan ɗan ayari ya faɗi, sai an koma gari, ko kuma a yi amfani da sihirin rayarwa, wanda yake a mataki na 5. Ayarin da ba shi da Farin Boka zai dogara da kwalaben magani, ɗaya a kan zinariya 60, kuma ba a ɗaukar fiye da 99.

Ta uku: wa zai kashe da sauri? Takobin Mayaƙi abokin gaba ɗaya yake sara a lokaci guda, alhali dodanni kan zo har tara. A nan ne amfanin Baƙin Boka yake fitowa, domin wasu daga cikin sihirinsa na share fili gaba ɗaya. Amma sihirin ƙidayayye ne, ba ya wuce jifa tara a kowane mataki kafin a huta, don haka dole a samu mai faɗan da ƙarfinsa ba ya ƙarewa.

Ta huɗu, wadda sababbin 'yan wasa suka fi mantawa: wa zai biya? Sihiri saya ake yi a shago. Na mataki na 1 zinariya 100 ne, na mataki na 8 kuwa 60,000, alhali da zinariya 400 kacal ake fara tafiya. Bokaye uku a ayari ɗaya talauci ne, haka ma Mayaƙa uku masu neman sulke. Ɗan Dambe shi ke rage wa aljihu nauyi.

Misalan Ayari

Ayarin da aka fi ba sabon ɗan wasa shawara a kai shi ne Mayaƙi, Ɗan Dambe, Farin Boka da Baƙin Boka, domin ya amsa tambayoyin nan huɗu duka. Wasu kan sa Jan Boka a madadin ɗaya daga cikin bokayen biyu. Wannan yana sauƙaƙa farkon wasa, sai dai Jan Boka ba ya koyon sihirin mataki na 8, saboda haka a ƙarshe ake jin rashin.

Ya kamata kuma a duba gaba. A tsakiyar wasa, sarkin dodanni Bahamut yana ƙara wa jarumai girma idan suka kawo masa wutsiyar ɓera a matsayin shaidar jarumtaka. A nan Mayaƙi yake fara koyon farin sihiri kaɗan, Ɓarawo kuma ya zama Ninja mai iya riƙe yawancin makamai. Wato wanda ya zama kaya a farko yana iya zama jigo daga baya. Akwai ƙwararrun da suke gama wasan da Fararen Bokaye huɗu don nuna gwaninta, amma wannan ba hanyar mai koyo ba ce.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu ga cewa daidaito ba ya nufin kowa ya zama daidai da ɗan'uwansa a ƙarfi. Abin nufi shi ne kada a bar wani aiki babu mai shi, kuma raunin wannan ya zama a wurin da wancan yake da ƙarfi. Wannan ƙa'ida ta wuce Final Fantasy. A World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ayarin mutum biyar da ke shiga kogo yakan ƙunshi mai tare duka ɗaya, mai warkarwa ɗaya da masu kai hari uku. Don haka duk wasan da mai karatu ya ɗauka, kafin ya tambayi wane jarumi ne ya fi ƙarfi, ya fara tambayar wane aiki ne ba a samu mai yin sa ba tukuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.