Ƙashin Bayan Kunne da Hoton da Likita Ke Nema

Sa yatsa a bayan kunnenka, ka taɓa. Za ka ji wani ƙashi mai tudu. Mutum zai zaci dunƙulalle ne kamar dutse, amma cikinsa ƙananan ramuka ne cike da iska, kamar saƙar zuma. Ramukan nan suna haɗe da ɗakin da ke bayan dodon kunne, shi kuma ɗakin yana da siririyar hanya zuwa bayan hanci. Haka Ubangiji ya tsara shi domin iska ta riƙa shiga. To, ta hanyar nan ce kuma cuta ke bi.

Lokacin hunturu yaro ya yi mura, ko ƙyanda ta kama shi. Ƙwayoyin cuta su bi hanyar hanci su hau, mugunya ta taru, yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne. Bayan kwana biyu ko uku dodon kunne ya huje, ruwa ya fito, zafi ya sauka. Sai uwa ta ce an gode Allah, ya sami sauƙi. A nan ne yawancinmu muke kuskure. Kunnen da ya yi mako biyu yana zubar da mugunya ya zama daɗaɗɗen ciwo. A rahotonta na 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunnen ƙasashe kan wannan cuta, kuma ta ƙiyasta masu fama da ita tsakanin miliyan 65 da miliyan 330, fiye da rabinsu jinsu ya ragu.

Yaron da jinsa ya ragu shi ne malami ke cewa ba ya ganewa, uba kuma ya ce taurin kai gare shi. Sau da yawa bulala ake ba shi maimakon magani.

Wani lokaci mugunyar ba ta tsaya a kunne ba, takan malala cikin ramukan ƙashin nan ta soma cin bangonsu. Alamarta a fili take: bayan kunne ya kumbura, ya yi zafi idan an taɓa, kunnen ya turo gaba, ga zazzaɓi. Wannan ba ciwon jira ba ne har ranar kasuwa, ko har a gama girbi. Tsakanin ƙashin nan da ƙwaƙwalwa ɗan siririn bango ne kawai. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta cikinsa ta bi. Shi ya sa ciwon kunne da aka raina yakan ƙare da sanƙarau, ko ƙurji a ƙwaƙwalwa, ko karkacewar baki, wanda mutane kan ce iska ce ta mari yaro.

Mutanen Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni suna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kusa da su, a kan titin Zariya. An kafa shi a 1988, yana kuma da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Mutanen karkara da yawa sukan sauka gidan dangi a waɗannan unguwanni kafin su ga likita. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Idan aka je, likita zai fara leƙa kunnen da 'yar fitilarsa. Wani lokaci wannan ya isa. Wani lokaci kuwa zai rubuta takarda ya ce a je a ɗauki hoto.

Mene ne wannan hoto? Wani Bajamushe mai suna Röntgen ne ya gano hasken eksire a 1895. Hasken yana ratsa nama da iska, amma ƙashi yana tare shi. Saboda haka lafiyayyen ƙashin bayan kunne yakan fito da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wato ramukan iska. Idan mugunya ta cika su, sai wurin ya yi dushi-dushi kamar hazo. Idan ciwon ya shekara da shekaru, ƙashin yakan toshe ya fito fari fat. Akan ɗauki kunnuwan biyu domin a gwada mai ciwon da mai lafiya. Wani likitan birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, Arthur Schüller, shi ne ya tsara yadda ake karkata na'urar don kada inuwar kunne ɗaya ta rufe ɗayan, har yau kuma da sunansa ake kiran irin wannan ɗauka.

Amma gaskiya, hoton eksire yana da iyaka. Ko ƙaramin ciwon kunne yakan sa ramukan su yi hazo, ƙananan ƙasusuwan ji guda uku kuma ba su fita sosai. Tun 1971, da aka fara gwada na'urar siti sikan a kan majiyyaci a Landan, likitoci suka sami hoton da ke nuna ƙashin yanka-yanka. Yau shi ne suke nema idan ana shirin tiyata, ko ana tsoron cutar ta nufi ƙwaƙwalwa. Ya fi tsada ƙwarai. Don haka kada ka je ka biya kuɗin hoto da kanka a ɗakin gwaji na bakin titi kafin likita ya duba yaron. Watakila kuɗin buhun gero ya tafi a kan hoton da ba a bukata. Kuma hoto ba magani ba ne. Akwai masu ɗauka su koma gida su sa a ƙarƙashin katifa, alhali wurin likita ya kamata ya koma.

Ɗaukar ba ta da zafi, minti kaɗan ne. A cire 'yan kunne da sarƙa da duk wani ƙarfe na kitso. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa tun kafin a fara, kada kuma ita ce ta riƙe yaron a ɗakin.

Aikin da ya fi yawa dai a gida yake, nan ne zumuntar mata da masu aikin ɗakin magani na ekklisiya za su taimaka. Kada a ɗura man ja, ko ruwan ganye, ko nono a kunne mai ruwa. Kada a sa tsinke ko ashana ko gashin kaza. A murɗa tsumma mai tsabta mai taushi kamar lagwani, a sa a hankali ya tsotse mugunyar, a canza har ya fito busasshe, sau uku a rana, sa'an nan a ɗiga maganin da ma'aikacin lafiya ya bayar. Wajen wanka a tare ruwa kada ya shiga, a kuma hana yaron iyo a kududdufi da damina. A kai jarirai rigakafin ƙyanda a wata tara. Mai zuwa asibitin Kano daga ƙauye ya riƙo takardar ɗakin magani da kwalaben duk magungunan da aka riga aka ɗiga, domin likita zai tambaya.