Fangio, Bakaniken da ya Zama Gwarzon Tseren Motoci

A cikin mutanen da suka ɗauki tseren motoci sana'a, a zamanin da direba kan shiga mota ba wata garkuwa tsakaninsa da ajali sai 'yar hula da tabarau, da wuya a sami wanda masana fannin suka yi ittifaƙi a kan fifikonsa kamar Juan Manuel Fangio, mutumin garin Balcarce na ƙasar Ajantina, wanda aka haifa a shekarar 1911. Tun yana yaro ya bar makaranta ya kama koyon kanikanci, har ya zamana da kunne kaɗai yake gane abin da ke damun inji. Sa'an nan ya horu a tseren dogon zango na Kudancin Amurka, irin wanda ya ci a 1940 daga Buenos Aires zuwa Lima da komowa, inda in mota ta lalace a dokar daji direba ne zai kwanta ƙarƙashinta ya gyara.

Bai kafu a Turai ba sai da ya doshi shekara arba'in, alhali sa'o'insa na shirin ajiye sitiyari, amma duk da haka sau biyar yana zama zakaran duniya na Formula 1, wato a 1951, sa'an nan a jere daga 1954 zuwa 1957, da motocin kamfani huɗu: Alfa Romeo, Maserati, Mercedes da Ferrari. A ganina sirrin al'amarinsa firasa ce da natsuwa, domin masu ƙarfin hali sun yi yawa a lokacin, kuma galibinsu ba su tsufa ba. Alal misali, a Monako a 1950, yana gaba, sai ya lura 'yan kallo sun kau da fuskokinsu daga gare shi suna duban wani wuri. Ya tabbata lalle wani abu ya auku bayan kwana, ya taka birki, ashe motoci ne suka yi karo suka toshe hanya. Ranar da ya saɓa wa wannan ɗabi'a kuwa, a Monza a 1952, da ya kwana yana tuƙi daga Faris ya shiga tsere a gajiye, mota ta kife da shi, ya samu karaya a wuya.

Mafificin aikinsa shi ne na Nürburgring ta Jamus a 1957, yana da shekara 46, sa'ad da jinkirin canza taya ya bar shi kusan daƙiƙa 50 a bayan abokan hamayyarsa Hawthorn da Collins, a kan hanya mai tsawon fiye da kilomita 22, cike da kwana da gangare. Ya yi ta rage tazarar zagaye bayan zagaye, yana karya tarihin gudun da shi kansa ya kafa, har ya wuce su ana saura zagaye ɗaya. Daga bisani ya bayyana cewa bai taɓa tuƙi irin wannan ba, ba ya kuma fatan maimaitawa.

A Fabrairun 1958 'yan tawayen Castro suka sace shi a Havana, suka sake shi lafiya bayan kwana guda, kuma a Yulin shekarar ya yi murabus a Reims ta Faransa, a tseren da direba Luigi Musso ya halaka. Ya rasu a 1995, kambunsa biyar kuwa ba wanda ya zarce su har sai da Michael Schumacher ya yi hakan a 2003.