Shin Ko Kun San? Kumfa Ma Tana Da Doka

Shin ko kun san kumfar da ke tashi a bahon wanki ba kara-zube take taruwa ba? Ku leƙa ta da kyau. Duk inda bangayen ƙwayoyinta suka haɗu, uku-uku suke haɗuwa, kowace kusurwa digiri 120. In huɗu suka yi karo, nan take sai su sauya zama. Wani masani ɗan Beljiyam, Joseph Plateau, shi ya wallafa wannan doka a 1873, alhali ya kai shekara talatin da makancewa. Na kusa da shi ne ke duba masa, su faɗa masa abin da suka gani.

Ko kun san iska ta fi matsuwa a ƙaramar ƙwayar kumfa fiye da babba? Shi ya sa take silalewa daga ƙananan zuwa manyan. Ku ajiye kumfa na ɗan lokaci ku gani, ƙananan na ɓacewa, manyan na ƙara ƙiba.

A 1887 wani masanin, Lord Kelvin, ya yi tambaya: wace siffa ce za ta cike wuri da ɗakuna masu girma ɗaya, ta kuma fi tsimin bango? Ya kawo wata mai fuska 14, aka fi shekara ɗari ba wanda ya kayar da ita. Sai a 1993 Denis Weaire da Robert Phelan a Dublin suka samo wadda ta fi ta tsimi da kashi 0.3 cikin ɗari. Kaɗan ne, amma a kan tsarinsu aka gina ɗakin ninƙaya na gasar Olamfik ta Beijin a 2008.

Irin wannan tsari na ƙananan ɗakuna akwai shi a daskararrun abubuwa ma. Wanda ya fi burge ni shi ne ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, wanda kusan rabinsa daga Fotugal yake fitowa. Roba in ka danna ta sai ta kumbura ta gefe, ta cije a bakin kwalba. Shi kuwa ɓawon, bangayen ɗakunansa lanƙwashewa suke yi ciki, gefensa ba ya motsi, sai ya shige salin-alin. Wannan ɓawon ne masani Robert Hooke ya yanka ya sa a madubin ƙara girma, ya bayyana waɗannan ƙananan ɗakuna a littafinsa na 1665.

Ganye ma ƙananan ɗakuna ne a cikinsa: alayyahun da ya yi yaushi a tire, ruwan da ke tokare bangayen ƙwayoyinsa ne ya ragu. Shi ya sa mai sayarwa ke yayyafa masa ruwa.