Hasken leza a akwatin kwamfuta: Ado ne ko barazana ga ido?

Ƙawata akwatin kwamfuta da fitilu masu launi ya zama babbar harka a tsakanin matasa masu haɗa kwamfutarsu da hannunsu, musamman a Amurka da Turai da gabashin Asiya. Sai dai a cikin dukkan fitilun da ake amfani da su, babu wadda ta kai ta leza ɗaukar hankali, kuma babu wadda ta kai ta haɗari.

Asalin al'adar

Tun daga shekarar 1981, lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, kusan dukkan akwatunan kwamfuta kamarsu ɗaya: rufaffen ƙarfe mai launin toka-toka, wanda ake turawa ƙarƙashin tebur a manta da shi.

Al'amura sun fara sauyawa a shekarun 1990, sa'ad da masu wasannin kwamfuta suka soma taruwa a manyan zauruka, kowa da na'urarsa, domin fafatawa da juna. Ɗaya daga cikin irin waɗannan taruka shi ne QuakeCon, wanda aka fara a jihar Texas a 1996. Da yake ɗaruruwan akwatuna ne ake jerawa a wuri guda, sai kowa ya shiga neman abin da zai bambanta nasa. Wasu suka riƙa yanke gefen akwatin suna liƙa roba mai kama da gilashi, domin a ga kayan cikinsa. Da taga ta samu kuwa, sai buƙatar haske ta biyo baya.

Da farko dai an yi amfani da wasu siraran fitilu dogaye, ƙannen irin waɗanda ake gani a ofisoshi. Suna da haske, amma suna ɗauke da zaiba, kuma sai an haɗa su da wata 'yar na'ura da ke ɗaga ƙarfin wuta daga bolt 12 zuwa ɗaruruwa. Daga baya fitilun LED suka maye gurbinsu, bayan da Shuji Nakamura ya samar da shuɗiyar LED mai ƙarfi a kamfanin Nichia na Japan a 1993, aikin da ya sa shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka sami lambar yabo ta Nobel a 2014.

Ba kowace leza ce leza ba

A farkon shekarun 2000 kasuwanni sun cika da ƙananan fitilun ado da ake tallata su da sunan leza. Akasarinsu kuwa LED ne masu tsananin haske da aka tattara haskensu wuri guda, sunan kawai aka ara domin jan hankalin mai saye.

Leza ta ainihi daban take. Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a 1960 a jihar California, inda ya yi amfani da dutsen yakutu. Abin da ya bambanta ta shi ne haskenta launi ɗaya ne tak, kuma yana tafiya a miƙe kamar zare ba tare da ya bazu ba. Fitilar gida tana watsa haskenta ko'ina cikin ɗaki, ita kuwa leza tana tara nata a kan ɗigo guda.

Wannan siffa ce ta sa ba ta dace da haskaka akwati ba. Idan aka kunna ta a ciki, ɗigo ɗaya za a gani a bango, sauran wurin kuma ya zauna cikin duhu. Zaren hasken da ake sha'awa a wuraren bukukuwa ba ya fitowa sosai sai iska na ɗauke da hayaƙi ko ƙura. To, ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabar kwamfuta, domin tana toshe fankoki ta hana zafi fita, kamar yadda duk mai kwamfuta a Kano ko Damagaram ya sani idan hunturu ya kama. Ke nan, sharaɗin da zai fito da kyan leza shi ne wanda zai rage wa na'urar kwana.

Inda haɗarin yake

Idon ɗan Adam yana tattara duk hasken da ya shige shi ya sauke a kan wani tantani da ke can bayansa. Idan hasken leza ne, ƙarfinsa a wannan ɗigo yakan ninka kusan sau 100,000. Tantanin ba ya jin zafi, kuma idan ya ƙone tabon kan zauna har abada.

Saboda haka ne aka kasa leza aji-aji bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa. Aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba, kuma ana ɗauka ƙiftawar ido, wadda ke ɗaukar kimanin rubu'in daƙiƙa, ta isa kariya. Aji na 3R ya tsaya a miliwat 5, wanda shi ne iyakar da dokar Amurka ta amince wa 'yar lezar nuni ta hannu. Aji na 3B ya kai miliwat 500, yana kuma iya lalata ido kafin a ƙifta. Aji na 4 har fata yana ƙonawa, yana kuma tayar da gobara.

Matsalar ita ce, abin da aka rubuta a jikin kaya masu araha ba abin dogaro ba ne. A 2013 cibiyar ma'auni da fasaha ta Amurka, NIST, ta bayyana sakamakon gwajin da ta yi wa lezojin hannu 122, inda ta gano kusan kashi 90 cikin 100 na korayen sun saɓa wa ƙa'ida. Yawancin korayen masu araha ana samar da haskensu ne daga wani haske da ido ba ya gani sam. Idan ba a sa masa matata ba yakan fito tare da koren, ido kuwa ba ya ƙiftawa saboda abin da bai gani ba.

Akwai kuma masu zaro leza daga tsohuwar na'urar naɗar faifan DVD. A cikin gidanta ba ta da illa, domin a rufe take ruf, amma da zarar an fito da ita ƙarfinta kan zarce miliwat 100.

Cikin akwatin kwamfuta kuma cike yake da ƙarafa masu ƙyalli da gilashi, waɗanda ke karkata haske zuwa inda ba a zata ba. Akwatin da aka ajiye a ƙasa, tagarsa tana daidai da idon yaro mai rarrafe.

Abin da ya fi dacewa

A yau mafi yawan masu wannan sana'a sun koma ga jerin fitilun LED masu sauya launi, waɗanda ake sarrafawa daga cikin kwamfutar. Ba sa cin wuta da yawa, ba sa zafi, kuma ana samun zaren haske mai kama da na leza ta hanyar saka su cikin siririn bututun roba. Abin lura kawai shi ne mahaɗarsu iri biyu ce: mai ƙafa 4 ta bolt 12, da mai ƙafa 3 ta bolt 5. Wanda ya jona ta 5 a gurbin ta 12 zai ƙone fitilunsa nan take.

Ga wanda ya dage sai leza, ƙa'idojin kariya a bayyane suke: kada ta wuce aji na 2, a ɗaure ta yadda ba za ta motsa ba, a nufe ta ga baƙin bango marar ƙyalli, sannan a sa makunnin da zai kashe ta da zarar an buɗe akwatin.

Fitilar da ta ƙone ana sayen wata a kasuwa. Ido kuwa, kamar yadda Hausawa ke cewa, ba a wasa da shi.