Fitilar Cikin Silin da Tsohuwar Waya

A Giyawa da sauran garuruwan ƙasar Goronyo, Wurno da Raba, mai gida yakan gyara tsohon ɗaki ya sa silin, sa'an nan a huda shi a cusa fitilun lantarki. Akwai haɗari a nan wanda ya kamata Hakimai da magatakardansu su sani.

Kowace waya tana da iyakar zafin da rigarta ke jurewa. Tsohuwar waya mai rigar roba iyakarta digiri 60 a ma'aunin santigired, mai rigar PVC 70, ta XLPE kuwa 90. To, fitilar da aka binne cikin silin ba ta shan iska, ga shi ƙwan lantarki irin na dā wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama. A watan Afrilu kuma zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle tsakanin kwano da silin. Sannu a hankali rigar takan bushe ta tsattsage, wayoyi su haɗu, katako ya kama, ba mai gani sai hayaƙi ya fito.

Saboda haka lalle a duba digirin wayar da aka rubuta a jikin fitila ko kwalinta. In ya fi na wayar ɗakin, ma'aikacin lantarki ya kafa akwatin haɗi can gefe, ya ja waya mai jure zafi daga nan zuwa fitilar. Ƙwan LED bai kai na dā zafi ba, amma ba ya gyara rigar da ta riga ta tsage. Hakimai su isar da wannan ga Dagatai, a fara duba makarantu da masallatai.